Babi na Shida: Gefe Ɗaya Shata, Ɗaya Gefen Wa'azi

Garmaho bai taɓa zama kayan talaka ba. A ƙasar Damagaram, wanda ya mallake shi ko dai attajiri ne mai safarar gyaɗa, ko tsohon soja da ya dawo daga yaƙin Faransa, ko ma'aikacin gwamnati a birni. Faifansa baƙi ne mai faɗi, in ya faɗi ya fashe, allurarsa kuwa sai an yi aike. Babban aibinsa ga mutumin ƙauye shi ne bayarwa kawai ya iya, ba ya karɓa. Abin da kamfani ya zuba a ciki shi za ka yi ta ji har ka gaji. Rikoda ce ta zo da abin da ba a saba gani ba, wato jan maɓallin nan da in ka danna shi tare da na kusa da shi, akwatin ya kwashe duk abin da ake faɗa a wurin ya ajiye maka.

Kamfanin Philips na ƙasar Holan ne ya fito da kaset, ya nuna shi a wani bajekolin kayan rediyo a Balin a 1963. Injiniyan da ya jagoranci aikin, Lou Ottens, abin da zai shiga aljihun riga yake nema, kuma da farko an fi ɗaukar abin a matsayin na naɗar magana, domin sautinsa bai kai a yi alfahari da shi a kiɗa ba. Sai Philips ya bar sauran kamfanoni su ƙera irinsa ba tare da biyan ko sisi ba. Nan Japan ta shigo da ƙarfinta: National, Sanyo, Sharp, Sony. Duk kaset ɗin da ka saya zai shiga kowace rikoda a duniya.

Hanyar da ya biyo ya iso Icirnawa ba ta Yamai ba ce. Icirnawa ƙaramar hukumar karkara ce a gundumar Kance, wadda Matameye ke zaman babban garinta, kuma duk wanda ya san yankin ya san kudu yake fuskanta. Daga Matameye ka bi ta Ɗan Barto ka tsallaka Kwangwalam, sai Mai'aduwa, sai Daura, sai Kano. Yamai kuwa tafiyar fiye da kilomita 800 ce. A tsakiyar shekarun 1970 kuɗin man fetur ya yi yawa a Najeriya, ƙarin albashin Udoji ya cika kantunan Kano da kayan Japan, a daidai lokacin da fari da cutar gyaɗa suka karya noman da ya daɗe yana riƙe da ƙasar Kance da Magarya. Samari suka yawaita cin rani. Wanda ya yi ga-ruwa ko dako ko yankan farce a Kano, in damina ta gabato, abin da yake so a gan shi da shi in ya sauka daga mota shi ne sabon yadi, agogo a hannu, rikoda a kafaɗa.

Ba a barinta tsirara. Tela ke ɗinka mata riga ta leda ko ta yadi mai kauri, a bar taga wajen lasifika da wajen ƙofar kaset, saboda ƙurar hunturu ba ta da tausayi. Ga ta da cin batir, manya huɗu ko shida a zama ɗaya. In sun fara sanyi sai injin ya rage gudu, zabiya ta koma da muryar namiji, sai a cire su a shanya a rana, wasu har su ɗan daddaka su da dutse wai ƙarfin ya dawo. Mayar da kaset baya da injin kuwa ɓarna ce da ba mai hankalin da zai yi. Biro ake zurawa a ramin, na Bic mai kusurwa shida wanda ke kama haƙoran daidai, a ba yaro ya yi ta wulwulawa sama da kansa. Ranar da rikoda ta tauna zare, sai a janyo shi a hankali da tsinke, a yanke wurin da ya cukurkuɗe da reza, a haɗa bakin biyu da ɗigon jan farce ko ɗan salatif. Baitin da aka yanke ya tafi ke nan. Akwai dattawan da suka haddace waƙa da giɓinta, har in suka ji cikakkiyarta a gidan rediyo sai su rantse an yi mata ƙari.

Ranar kasuwa ba a tambayar inda rumfar mai kaset take, kunne ke kai mutum. Tebur ne guda, batirin mota a ƙarƙashi, lasifika rataye a jikin dirka, sai rikoda mai baki biyu, ko biyu da aka haɗa da waya. Kaset-kaset ɗin da yake ɗauka daga jikinsu suna cikin akwati a gefen ƙafarsa, ba ya ba da aronsu ko ga ɗan'uwansa. Cinikin kusan iri ɗaya ne kullum.

"Malam, kana da ta Shata ta Sarkin Daura?"

"Akwai, Alhaji. Wanda na riga na ɗauka za ka saya, ko ka zo da naka?"

"Ga emti na zo da shi. Gefe ɗaya Shata, ɗaya gefen ka sa mini wa'azi. In wuri ya rage ka cika da Ɗan Alalo."

"To je ka gama cefanenka, kafin la'asar ya fito."

Kaset mai lamba 60 minti 30 yake ɗauka kowane gefe, mai lamba 90 minti 45. Zaren yana tafiyar santimita 4.76 a daƙiƙa, kuma mai rumfa da layi ya yi wa yawa yakan danna maɓallin da ke ninka gudun don ya sallami mutane da wuri, sautin ya ƙara dushewa. Ko ba gaggawa ma, kowace ɗauka tana rage wani abu ta ƙara wani abu. Kaifin kalangu ya ragu, shuuu ɗin nan na bayan murya ya ƙaru. Waƙar da aka naɗa a Rediyon Kaduna, wani ya ɗauka daga shirin Zaɓi Sonka da gaisuwar mai gabatarwa a kanta, aka kai Kano aka gurza, aka kawo Daura aka sake, kafin ta iso Icirnawa ta zama tattaɓa-kunnen ta asali. Emtin ma sau da yawa jabu ne, sunan TDK ko Maxell a kwali, zaren ciki kuwa Allah kaɗai ya san inda aka yi shi. Duk mai cewa sautin kaset na da ya fi na yanzu daɗi, ban da ja da shi a kan daɗi, amma kar ya ce ya fi tsabta.

A can Turai, wannan jan maɓallin ya hana manyan kamfanonin faifai barci. A 1981 ƙungiyarsu ta Ingila, BPI, ta ƙaddamar da yaƙin neman hana ɗauka a gida, tana cewa hakan kashe kiɗa yake yi, da tambarin kaset mai siffar ƙoƙon kan mamaci da ƙasusuwa biyu a gicciye. Suka kai kamfanin Amstrad ƙara saboda yana sayar da rikoda mai baki biyu, kotun ƙoli ta Ingila ta ce a 1988 mai ƙera na'ura ba shi ne ya ba da izinin sata ba. Amurka ta riga ta yanke makamancin wannan hukunci a 1984 a shari'ar bidiyon Betamax na Sony. Jamus ta Yamma ta bi wata hanya tun 1965: tunda ba za a iya shiga ɗakin kowa a ga me yake ɗauka ba, sai a ɗora ɗan kuɗi a kan na'urar, a raba wa masu waƙa. Faransa ta yi irin wannan doka a 1985, a kan emti.

Duk wannan gardama ta ginu a kan abu ɗaya, cewa mawaƙi daga cinikin faifai yake ci. A ƙasar Hausa kuwa ba haka abin yake ba, kuma nan ne masu ɗauko hujjar Ingila su sauke ta a kasuwar Matameye suke kuskure. Narambaɗa a fadar Isa yake ci. Ɗanƙwairo sarakuna ne suka riƙe shi. Ma'azu Ɗan Alalo na fadar Damagaram ne. Abin da makaɗi ke samu doki ne, riga, damin hatsi, daga baya mota da kujerar Makka. Wanda ba na fada ba yana da biki da suna, da filin dambe irin na Ɗan Anace, da gayyar noma, da kuɗin da ake manna masa a goshi. Attajirin da ya ba Shata mota, me ya saya? Ba faifai ya saya ba. So yake sunansa ya shiga garin da ƙafarsa ba ta taɓa takawa ba, a ambace shi a tashar mota da gindin bishiya. Saboda haka mai rumfar nan da ke gurza waƙar sau ɗari, cika cinikin yake yi. Mai waƙa ya riga ya karɓi nasa, wanda aka yi wa waƙa yana samun abin da ya biya domin shi, kuma kowane kaset da ya shiga ƙauye gayyata ce ta gaba. Mutumin da ya ji Barmani Coge ko Haruna Uji a rikodar maƙwabci shi ne zai ce in ba su ba, ba za a yi bikin ƴarsa ba.

Malamai ma sun gane wannan da wuri, sun ma fi mawaƙa cin moriyarsa. Tafsirin Shaihu Abubakar Gumi da na Shaihu Ɗahiru Bauci daga Rediyon Kaduna suka shiga kaset, kuma bayan kafa Izala a Jos a 1978, rabin muhawarar da ta raba masallatai a kudancin Nijar a cikin kaset ta tsallako iyaka, ba a cikin littafi ba. Ba malamin da ya hau mumbari ya ce kar a ɗauki karatunsa. Cewa ake yi a yaɗa, lada ne. Karatun Alhusari, wanda aka naɗa cikakken Alƙur'ani da muryarsa a Masar a 1961, da na Abdulbasiɗ da Minshawi, haka suka shiga kowane zaure. Ƙasar da aka koya mata cewa juye murya daga kaset zuwa kaset sadaka ce, da wuya ka wayi gari ka ce mata sata ce ta yarda. Majalisar malaman fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa haƙƙin mawallafi da na mai ƙirƙira haƙƙi ne da shari'a ta kare, amma wannan fatawa ba ta da masu gurza ta kamar yadda wa'azi ke da su.

Wannan ba ya nufin ba wanda ya yi asara. Kamfanonin Legas sun yi. A farkon shekarun 1980 Singafo ce matattarar kaset ɗin jabu na duniya, jiragen ruwa na sauke shi a gaɓar Afirka ta Yamma, naira kuma ta faɗi daga 1986. Zuwa farkon shekarun 1990 EMI da PolyGram sun sayar da rassansu na Najeriya sun tafi, aka samu Ivory da Premier a madadinsu. Waƙoƙin Hausa da aka naɗa musu a ɗakin ɗauka mai kyau, da yawa ba a sake buga su ba.

Sai kuma ƴan fim. Daga Turmin Danya a 1990, Kano ta haifi wata sana'a da ba ta da sarki ba ta da ubangida, ciniki kawai ta dogara da shi. Brian Larkin, wanda ya yi bincike a Kano ya fitar da littafinsa a 2008, ya nuna yadda sana'ar ta hau kan hanyar da masu gurza finafinan Indiya suka riga suka share a Ƙofar Wambai. Dabarar da ƴan fim suka yi ta burge ni. Tunda kowa na iya gurza kaset, sai aka mayar da haƙƙin kan kwali: mai fim ya buga kwalaye ya kai wa ɗan kasuwa tare da masta, ɗan kasuwa ya sa nasa emtin ya gurza, a biya mai fim gwargwadon kwalin da ya fita. Takarda ce gangariya, ba abin da ke ciki ba. Wannan ya yi aiki muddin mai saye na son kwali. Da faifan CD ya zo, sannan memori, ba wanda ya ƙara tambayar kwali, kuma a tsakiyar shekarun 2010 kasuwar ta durƙushe. Mawaƙan fiyano da suka taso a cikinta sai ga su sun koma inda kakanninsu suke: waƙar amarya da ango, waƙar ɗan siyasa, wasan Sallah. Rarara a tsarin cin abincinsa ya fi kusa da Ɗanƙwairo fiye da kowane mawaƙin Landan.

Doka kam akwai ta. Najeriya ta yi tata a 1988 ta sabunta a 2022. Nijar ta yi a 1993, ta kafa hukumar kare haƙƙin mawallafa, BNDA, a 1995, ta sake dokar a 2010. Burkina Faso ta yi nisa wajen karɓar irin kuɗin nan na Jamus a bakin duwan, wato kwastan, a kan na'urorin da ake shigowa da su. Sai dai duk wanda ya taɓa ganin yawan hanyoyin babur da ke tsakanin Kance da Daura ya san abin da duwan ke gani kaɗan ne daga abin da ke wucewa. Ko lokacin da Buhari ya rufe iyaka a 1984, ba a buɗe ta ba sai 1986, shekarun yunwar da mutanen nan suka laƙaba wa sunansa, hatsi ya yi wuya amma sabuwar waƙa ba ta fasa isowa ba.

A ganina ɓarnar da ɗauka ta yi mana tana wani wuri da ba a cika dubawa ba. Ta ajiye murya ta zubar da suna. Mai rumfa da biro yake rubuta "Shata" a bayan kaset, shi ke nan. Wace shekara? A wane gari? Wa ke riƙe da kalangu, su wa ke amshi? Ba a rubuta ba, kuma wanda ya ɗauka daga wannan bai da abin da zai ƙara. Shata ya rasu a 1999 ba a san adadin waƙoƙinsa ba, kuma Ibrahim Sheme da abokan aikinsa da suka fitar da tarihinsa a 2006, da Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau da ya shafe shekaru yana tattara waƙoƙin baka, sai da suka yi aikin da rubutun layi biyu a bayan kwali zai rage musu. Shata ke nan, wanda duniya ta sani. Ina ga makaɗin gurmi na wani ƙauye a ƙasar Kance, da aka ɗauka a wasan Samariya zamanin Kunce, aka rubuta "gurmi" kawai a jiki? Ƴan amshi su suka fi kowa cutuwa. Muryarsu ce rabin waƙar, amma ba rabonsu a suna, kuma in maigida ya rasu ba mai manna musu komai. Iyalan mawaƙi ma haka: kyauta tana ƙarewa ranar da aka rufe shi, waƙar kuwa ta ci gaba da tara wa wasu jama'a a rumfa, yanzu kuma a YouTube.

Duk da haka, ba don masu gurzawa ba, da yawancin abin da muke ji yau babu shi. Gidajen rediyo sun naɗi abubuwa masu yawa. Rediyon Nijar ya fara a 1958 ya koma Muryar Sahel a 1974, ƙungiyar kulob-kulob na rediyo da aka kafa a 1962 tana yawo ƙauyuka da rikoda, wasan kwaikwayon su Yazi Dogo na Damagaram ya shiga kowane gida. Amma zare na da tsada, zafi da ƙura ba sa barinsa, kuma abin da ke da kwafi ɗaya tak a kan kanta guda, tsautsayi ɗaya ya ishe shi. Wanda ya watsu a akwatuna dubu shi ya tsira, ko da ya dushe. A arewa ma haka aka yi: waƙoƙin gita na Abzinawa, irin na Abdallah ag Oumbadougou, a zamanin tawayen 1990 zuwa 1995 hukuma ta hana su, hannu da hannu suka yi yawo. Kaset ɗin da Mamman Sani ya naɗa da na'urar kiɗansa ta ogan a gidan rediyon ƙasa a 1978, kwafi kaɗan aka yi, sai a 2013 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da shi duniya ta ji.

Yau rumfar tana nan, kayan aikin ne suka sauya. Kwamfuta ce a kan teburin, da allon sola da tarin wayoyi masu caji, kuma mai turin waƙoƙi ba ya cewa ka je ka dawo. Cikin minti kaɗan zai cika maka memori da abin da rumfar da gaba ɗaya ba ta ɗauka ba. Mdou Moctar, wanda ya naɗi faifansa na farko a Sakkwato a 2008, ta Bluetooth da memori ya yi suna kafin wani kamfani ya san da shi. Ciwon sunan nan kuwa ya ƙaru: waƙar Ɗan Indo a sa mata sunan wani, ko ka tarar da lamba kawai. Saƙon murya na WhatsApp ya gaji kaset ɗin da ɗan cin rani ke cikawa da gaisuwa a Legas ko Libiya ya ba direba ya kawo, a tara gida a saurara, kowa na jiran a ambaci sunansa.

A Turai da Amurka samari na sake sayen kaset don marmari, abin da ya ba Lou Ottens kansa mamaki kafin rasuwarsa a 2021, domin shi a wurinsa CD ya fi. A nan ba marmari ba ne. Dattijon da ke kai tsohuwar National wurin mai gyara, a goge kan da auduga da sifirit, a yanko bel daga tsohon tiyub tunda ba a sayar da sabo, yawanci akwai wani kaset guda a akwatinsa da babu shi a memorin kowa: zabiyar da ta yi guɗa a bikinsa, ko muryar mahaifi da ya aiko daga Makka, ko wa'azin limamin garin da ya rasu. Irin waɗannan ba su bi ta Ƙofar Wambai ba, ba wanda ya gurza su, kwafi ɗaya ne. Juye su ba ya buƙatar komai sai rikoda mai aiki, wayar haɗi da kwamfuta. Matsalar ita ce ba a gaggauta shi. Kaset mai lamba 90 sai ya ci minti 90 cur, mai turi kuwa a wannan lokacin ya sallami layin mutane, shi ya sa kaɗan ne ke karɓar aikin, kuma wanda ya karɓa sai ya caji kuɗin da ya fi na cika memori.